Sa Abubakar Tafawa Balewa: Malamin Tarihi Da Ya Zama Darasin Tarihi

Babu wanda zai kwana biyu a birnin Bauchi bai ci karo da sunan Abubakar Tafawa Balewa ba. Jami'ar tarayya da ke garin sunansa aka sa mata, haka filin wasa, haka filin jirgin sama. Hotonsa ne a jikin takardar naira 5, kabarinsa kuma yana nan cikin gari, inda makarantu sukan kai yara ziyara. Kowane ɗan firamare ya san shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, kuma har yau babu wani da ya sake riƙe wannan muƙami. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin ya shiga siyasa ya yi shekara 12 riƙe da alli a gaban allo a nan Bauchi, kuma tarihi na cikin darussan da ya fi ba ƙarfi, har ya ƙetare teku domin ƙaro ilimi.

Mun ga ya dace mu kawo labarinsa a wannan fitowa saboda 'ya'yanmu da ke bitar tarihi domin jarrabawar gama sakandare. Da yawansu sun ɗauki darasin nan kamar buhun sunaye da shekaru: a haddace da dare, a juye a takarda da safe, a manta kafin azahar. In aka zo kan labarin ƙasashen nesa, kamar rikicin sarakunan Ingila da majalisarsu, ko hawan Hitila mulki a Jamus, sai yaro ya tambaya me ya haɗa shi da waɗannan mutane. Rayuwar wannan malami tana ɗauke da amsa, domin abin da ya faru a Ingila da Jamus ya biyo shi har teburin aikinsa, ya taimake shi a wani wuri, ya gargaɗe shi a wani.

Asali da ƙuruciya

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Balewa, kimanin kilomita 80 kudu da Bauchi. Ƙasa ce ta duwatsu, inda Sayawa da Jarawa da Fulani da Hausawa suke zaune kusa da juna. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, Bagere ne, yana hidima a gidan hakimin Lere. Mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna ce. Gidansu ba gidan sarauta ba ne, kuma wannan ya bambanta shi da yawancin waɗanda suka shugabanci Arewa a zamaninsa.

Shekara 10 kacal kafin haihuwarsa, wato a 1902, sojojin Ingila suka shiga Bauchi, birnin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ke nan yaron ya tashi cikin dattawan da suka ga mulkin da da idonsu, suka ga harin bayi, suka kuma ga zuwan Bature. Yana ɗan shekara 1 aka haɗe Arewa da Kudu aka yi Nijeriya ɗaya, a wannan shekara ta 1914 kuma Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke tsakanin Jamus da Ingila da abokansu.

Ya fara da karatun allo, sannan ya shiga makarantar elementare a garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi a Bauchi. A zamanin nan iyaye da yawa suna ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko, har wasu manya sukan aika 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Ta irin wannan ƙofa ce 'ya'yan talakawa da dama suka sami ilimin da ya ɗaukaka su daga baya.

Kwalejin Katsina

A 1928 ya sami shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Ita ce makarantar da ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda ya riga shi shiga da shekara 2. Karatun shekara 5 ne, kuma an san kwalejin da tsanantawa wajen furta Turanci daidai, kalma bayan kalma. Daga wannan horo ne ya sami maganar nan mai nauyi da natsuwa wadda ta sa daga baya aka yi masa laƙabi da Muryar Zinariya ta Afirka.

Makarantun mulkin mallaka sun ba tarihin Ingila babban wuri. Manufar Turawa ita ce yara su girmama daular da ke mulkinsu. Amma wanda ya karanta tarihin nan da idon basira zai ga wani abu da ba a yi nufin nuna masa ba: mutanen Ingila da kansu sun sha fama da sarakunansu kafin su sami 'yancin da suke alfahari da shi. Za mu ga amfanin wannan a gaba.

Malami a Makarantar Midil

A 1933 ya gama Katsina ya dawo gida, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. Ɗalibi mai bitar tarihin Jamus ya san wannan shekara sarai. Ranar 30 ga Janairu 1933 aka naɗa Hitila shugaban gwamnati. A watan Fabrairu ginin majalisar Jamus ya ƙone, aka fake da gobarar aka dakatar da 'yancin jama'a, a watan Maris kuma majalisa da kanta ta miƙa masa ikon yin doka ba tare da ita ba. Abin lura shi ne, jam'iyyarsa ba ta taɓa samun rinjayen ƙuri'u a zaɓe na gaskiya ba, domin ko a watan Yuli 1932, lokacin da ta fi ƙarfi, kashi 37 cikin 100 ta samu. Rashin aikin yi, da tunawa da faɗuwar kuɗin ƙasar a 1923, da ɓacin ran sharuɗɗan sulhun 1919, da faɗan 'yan bangar jam'iyyu a kan titi, su suka gajiyar da mutane har suka sallama wuyansu. A wancan lokaci wannan labari nesa yake da ajin Malam Abubakar. Bayan shekara 6 ya zama yaƙin da ya kwashi samarin Arewa zuwa Afirka ta Gabas da dazuzzukan Bama.

A wannan shekara ta 1933 ne kuma Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Daga gasar aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buga a 1934. Littafinsa ya fita dabam da sauran. Labari ne na yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin bauta, aka ƙetare Sahara da shi, uwar kuma ta bi sawu tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Saurayi ɗan shekara 21 ne ya rubuta wannan. Ya ɗauki abin da ya ji daga bakin tsofaffi ya sa shi a takarda, domin ya gane cewa wahalar talakan da ba a san sunansa ba ita ma tarihi ce. An fassara littafin zuwa Turanci a 1967, aka mai da shi fim a 1976.

Bai tsaya a kan takardar Katsina ba. Yana koyarwa da rana, yana nasa karatun da dare, har ya ci jarrabawar manyan malamai, ya kuma zama hedimastan makarantar. Wannan abin tunawa ne ga yaron da ke ganin bita wahala ce da aka ɗora masa shi kaɗai: mutumin da ke kan naira 5 shi ma ya zauna da fitila yana shirin jarrabawa, alhali ga iyali ga aiki.

A shekarun yaƙi Bauchi ta zama matattarar matasa masu tunani. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano ya zo koyarwa a Midil, kuma a 1943 aka kafa ƙungiyar tattaunawa ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke zama su yi muhawara a kan al'amuran ƙasa. Sa'adu da Aminu masu zafi ne. Abubakar kuwa mai sanyin hali ne, yakan auna magana kafin ya furta. Sun bambanta a hanya, daga baya ma suka rabu a jam'iyya, amma dukansu sun yarda cewa talaka yana shan wuya a hannun mahukunta.

Shekara guda a Landan

A 1945 aka zaɓe shi tare da wasu malaman Arewa zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya yi shekara guda, ya dawo a 1946 da takardar shaidar malanta. A duba irin lokacin da ya sauka. Yaƙi ya ƙare ke nan, unguwanni da yawa na Landan kango ne saboda bama-baman Jamus, abinci da tufafi sai da katin rabo. A watan Yuli 1945 mutanen Ingila sun kayar da gwamnatin Chachil a akwatin zaɓe, mutumin da ya jagorance su har suka ci yaƙi, shi kuma ya sauka ba gardama. A watan Nuwamba aka fara shari'ar manyan 'yan Nazi a Nurembag, duniya ta ji dalla-dalla yadda aka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. A watan Janairu 1946 kuma Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zamansa na farko a cikin birnin Landan, a babban zauren ikilisiyar Methodist da ke Westminster.

Ke nan abin da 'ya'yanmu ke karantawa a babi na ƙarshe na tarihin Jamus, shi labarin jarida ne a gare shi kowace safiya. Ya ga ƙasa ɗaya da ta sauya gwamnati da ƙuri'a, ya kuma ga ƙarshen wata da ta bar ƙiyayyar jinsi da bautar shugaba suka hau kanta. Ya ga Bature talaka yana share titi yana ɗaukar kaya, abin da ba a gani a bariki. Ya dawo da sanin cewa masu mulkinsa mutane ne kamarsa.

Darasin Ingila a zauren Kaduna

Da dawowarsa aka ba shi aikin kula da makarantun En'e ta Bauchi, aka kuma zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai ta Arewa, daga can zuwa Majalisar Dokoki ta Legas a 1947. A watan Agusta 1950 ya miƙe a zauren majalisa a Kaduna ya kawo ƙudurin da ya girgiza Arewa. Ya nemi a kafa hukumar da za ta binciki tsarin En'e. Ya yi bayani a kan cin hanci, da yadda talaka ba shi da bakin magana a kan harajinsa, da hatsarin barin iko duka a hannun mutum ɗaya wanda ba mai tambayarsa. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba, musamman da yake mai maganar ɗan bara ne, kuma ma'aikacin En'e.

A nan ne tarihin Ingila na ƙarni na 16 da na 17 yake haskaka mana hanya. A 1534 Sarki Henri na 8 ya sa majalisa ta ayyana shi shugaban ikilisiyar Ingila, daga nan bangaskiyar ƙasa ta koma bin ra'ayin wanda ke kan gado. A zamanin 'yarsa Sarauniya Maryamu, tsakanin 1555 da 1558, an ƙone 'yan Furotesta kusan 300, a zamanin Sarauniya Alisabatu kuma 'yan Katolika suka sha tsanani. Sarki Chals na 1 ya yi shekara 11, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki yana karɓar kuɗi ba tare da majalisa ba. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1642, aka fille kan sarkin a 1649, mulki ya koma hannun soja a ƙarƙashin Kuromwel. Hakan ma bai kawo kwanciyar hankali ba, sai da aka dawo da sarauta a 1660. Maganin da ya ɗore shi ne na 1689: sarki ya zauna a kan gadonsa, amma ba shi da ikon sa haraji ko soke doka sai da yardar majalisa, aka kuma fara sassauta wa masu sujada a wajen ikilisiyar gwamnati.

Abin da Malam Abubakar ya nema a Kaduna ya fi kama da 1689 fiye da 1649. Bai ce a rushe sarauta ba, cewa ya yi a ɗaure ta da shawara da doka. Kuma an sami sakamako. A 1952 aka soke tsarin da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka wajabta masa aiki da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar dokar En'e. Gyaran bai kai yadda mutane irin su Aminu Kano suke so ba, kuma al'ummomin da aka ɗora wa hakiman da ba nasu ba sun ci gaba da kuka. Duk da haka, abin da ya ci wa Ingila jini mai yawa, a nan an fara shi da jawabi.

Daga shakka zuwa shugabanci

A shekarunsa na farko a majalisar Legas bai ɓoye shakkarsa a kan haɗin kan Nijeriya ba. Yana ganin haɗin a takarda kawai yake, kuma yana tsoron Kudu, wadda ta yi nisa a boko, za ta danne Arewa. Ya shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri. A 1955 ya je Amurka domin ganin yadda ake sufuri a kogin Misisifi. A can ya ga mutane masu asali dabam-dabam sun zama al'umma ɗaya, kuma wannan tafiya ta sauya ra'ayinsa. Daga nan har ƙarshen ransa ya tsaya a kan Nijeriya ɗaya. Mai ilimi na gaskiya ba ya jin kunyar sake tunani in ya ga hujja.

A 1957 ya zama Firayim Minista, ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyu uku na ƙasar. Bayan zaɓen 1959 NPC ta yi ƙawance da NCNC. A farkon 1960 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa, ranar 1 ga Oktoba kuma ya karɓi takardun 'yanci a filin sukuwa na Legas, filin da yanzu ake kira da sunansa. Bayan kwana 6 Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatinsa ta aika sojoji kiyaye zaman lafiya a Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, ta tsaya a kan adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ta kuma sa hannu wajen kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. A gida kuwa, a zamaninsa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kuru ta ratsa Bauchi da Gombe ta isa Maiduguri a 1964, aka kuma fara gina madatsar ruwa ta Kainji.

Gadon Jamus a kan iyakarmu

Akwai wani aiki da ya zo teburinsa wanda tushensa a Jamus yake. Bismak, wanda ya haɗa kan Jamus a 1871, shi ne ya kira taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara yadda za su raba Afirka. Kamaru ta faɗa hannun Jamus, aka ja iyakar da ta tsaga Adamawa da Borno, ta raba dangi da dangi. A Yaƙin Duniya na Farko sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a can, Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a 1916. Bayan yaƙi aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila.

A watan Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin da Ingila ke riƙe da shi. Kudanci ya zaɓi Kamaru, arewaci ya zaɓi Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Saboda haka ne Mubi da Gwoza da tsaunin Mambila suke cikin ƙasarmu a yau. Duk iyalin da ke da 'yan'uwa a waɗannan wurare, ko ikilisiyar da ke da rassa a can, tarihin Jamus ya taɓa su, ko sun sani ko ba su sani ba.

Shekarun duhu

Tarihin da ya ɓoye rauni yabo ne kawai, saboda haka dole mu faɗi sauran. Sa Abubakar yana kan kujerar Firayim Minista, amma shugaban jam'iyyarsa Sardauna ne, yana Kaduna, shi kuma mataimaki ne. Wannan ya ɗaure masa hannu a lokuta da dama. Ƙananan ƙabilun Arewa, waɗanda da yawansu Kirista ne ko masu bin addinin gargajiya, sun nemi a ba su jiha tasu ta Tsakiya a ƙarƙashin jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka. An ƙirƙiri Jihar Tsakiyar Yamma a 1963, amma Arewa ba a taɓa ta ba. Tarzoma ta tashi a ƙasar Tibi a 1960 da 1964, har aka tura sojoji, rayuka da yawa suka salwanta.

A Yamma an kafa dokar ta-ɓaci a 1962, aka ɗaure Cif Obafemi Awolowo shekara 10 a 1963. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 ta zama abin gardama. Zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya zo da ƙauracewa da zargin maguɗi. Zaɓen Yamma na Oktoba 1965 ya fi muni, domin bayansa aka shiga ƙone gidaje da motoci da mutane. Mutane da yawa sun roƙi Firayim Minista ya ɗauki mataki, amma ya yi ta jira. Haƙurin da ya zama ƙarfinsa a 1950 ya zama rauninsa a 1965. Alamun da suka bayyana a Jamus kafin 1933, wato 'yan banga a titi, da raina sakamakon zaɓe, da jama'ar da ta gaji har tana marmarin mai ƙarfi ya zo, sun bayyana a nan ma. Sanin darasi abu ɗaya ne, samun ikon aiki da shi a kan kari wani abu ne dabam.

Rasuwarsa

A mako na biyu na Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Legas domin tattauna rikicin Rodeshiya. Kwanaki kaɗan bayan sun watse, a daren 15 ga Janairu, wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki. Aka ɗauke shi daga gidansa, bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas. Yana da shekara 53. Aka kawo shi Bauchi aka binne. A wannan dare an kashe Sardauna, da Cif Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Laftanar Kanar James Pam, ɗan ƙasar Jos. Harsashi bai tambayi addinin kowa ba.

Waɗanda suka yi murna a lokacin, suna zaton soja zai share ƙazanta cikin dare ɗaya, ba su daɗe ba suka ga abin da mutanen Ingila suka gani bayan 1649. Juyin mulki na biyu ya biyo baya a watan Yuli, aka yi kashe-kashe a garuruwan Arewa, yaƙin basasa ya ci daga 1967 zuwa 1970, kuma mulkin farar hula bai dawo ba sai 1979. Shi kuwa mamacin, shaidar da abokai da abokan hamayya suka haɗu a kanta ita ce bai tara dukiya ba. Wanda ya ziyarci kabarinsa zai ga 'yan kayan da ya bari, ya auna da idonsa.

Abin da za mu ɗauka

An cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantunmu tun daga shekarar karatu ta 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ke nan akwai tsara guda da ta tashi ba ta san waɗannan abubuwa ba, kuma da yawansu su ne iyaye da malamai a yau. Garin da aka haifi Sa Abubakar ya sha rikici a 1991 da 1995 da 2001 da 2011, kuma tushen rikicin yana komawa ga tambayar da ya ɗaga a Kaduna: wa ke mulkin wa, kuma wa ke da bakin magana? Yaron da bai san wannan ba, duk wanda ya zo masa da rabin labari zai iya tura shi ɗaukar makami.

Saboda haka, iyaye, mu taimaki 'ya'yanmu su yi bita da hankali. Tambayoyin WAEC da NECO sun fi karkata ga Nijeriya da Afirka ta Yamma, amma ba za a fahimci mulkin mallaka ko neman 'yanci ba sai an san abin da ke faruwa a Turai. Yaro ya ɗauki takarda ya ja layi uku, ɗaya na Nijeriya, ɗaya na Ingila, ɗaya na Jamus, ya jera shekaru gefe da gefe: 1884, 1902, 1914, 1933, 1945, 1961. Zai ga yadda suke riƙe da juna, kuma abin da aka fahimta ba ya saurin gudu daga kai kamar abin da aka haddace. A kan kowane al'amari ya tambayi kansa abu uku: me ya jawo shi, me ya biyo bayansa, su wa suka ɗauki nauyin wahalar. Ya gwada amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa. In akwai kaka a gida da ya ga 1960 ko 1966, a kashe talabijin wata yamma a zauna a saurare shi, kamar yadda marubucin Shaihu Umar ya saurari tsofaffin zamaninsa.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna cewa ɗan bara daga ƙauyen duwatsu ya bi ta aji da jarrabawa har ya tsaya a gaban shugabannin duniya, ya yi abin kirki da yawa, ya kuma kasa a inda ya kasa. Ku karanta duka biyun. Allah ya ba ku fahimi da nasara a jarrabawarku, ya kuma ba ƙasarmu shugabanni masu tunawa da abin da ya wuce.